Kananzir a Gorar Lemo

Ina aikin wankin ciwo da allurar rigakafi a ƙaramin asibitin garinmu, Ba'awa, aka tura ni Kiru kwas na kwana uku. Wasu mutane ne suka zo daga Kano su koya mana yadda za mu riƙa faɗakar da jama'a a kan haɗurran da ke samun yara a cikin gida: ƙuna, faɗawa rijiya, shan guba, haɗiye abin da ba na ci ba. Ban yi gardamar zuwa ba, don abin ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Da wuya mako ya wuce ba a kawo mini yaro fata a saluɓe ba, an lafta masa ɗanyen ƙwai ko man goge baki ko toka, sai na daɗe ina wankewa yana tsala ihu kafin in ga inda ciwon ma yake. A daminar da ta gabata kuma an ciro wata yarinya 'yar shekara biyu daga rijiyar gidansu, aka rugo da ita wurina alhali rai ya riga ya yi halinsa. Uwar ta shiga ɗaki ne kawai ɗauko tsintsiya.

Ranar da aka rufe kwas aka ba kowannenmu wani babban littafin hotuna mai kama da kalanda, wanda ake ratayewa a riƙa ɗaga shafi ɗaya bayan ɗaya. Malamar da ta koyar da mu ta ce hoto ba ya buƙatar tafinta, kowa ya gani ya gane. Na rungume littafina na hau acaɓa, iska tana neman ta kwashe mu ni da shi, ina ta shirya jawabi a zuciyata har muka iso gida.

Mai unguwa ya ba ni tsakar gidansa ranar Asabar da hantsi, ya sa aka yi shela. Mata suka cika gidan har zaure, abin da ya faranta mini rai, sai daga baya na gane cewa da yawansu sun ɗauka gidan sauro za a raba, har da waɗanda suka zo da buhu a naɗe a hammata. A tabarmar gaba kuwa, daidai inda ba yadda zan yi idona ya kauce mata, surukata ce zaune, wadda muke kira Inna.

Inna ungozoma ce. Rabin matan da ke wurin ita ta yanke musu cibiya, ragowar kuma ita ta yanke wa 'ya'yansu. Maigidana shi ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta faɗin sunansa, sai dai ta ce “wancan”, kuma ko ciwo yake yi ba za ta tambaya kai tsaye ba. Ni da ita ma akwai kunya mai kauri. Shekara tara da aurena a lokacin, ban taɓa cin abinci a gabanta ba, magana kuma daga gaisuwa sai “to, Inna”.

Na rataye littafin a ƙusar bango, na yi sallama, na buɗe shafin farko. Hoton wata mata ce tana girki ta juya baya, ɗanta yana rarrafe ya nufi tukunyar da ke kan wuta.

Na ce, “Me kuka gani a nan?”

Aka zuba wa hoton ido. Can wata ta ce, “Tukunyar nan ba za ta ishi gida ba.”

Wata ta ce, “Kuma ba ta ɗaura ɗankwali ba.”

Wata daga baya ta miƙe ta ce a ɗan ɗaga littafin, tana son ganin zanen atamfar. Na ɗauki kara na nuna yaron na ce, “Wannan fa?”

“Ai wannan ya kusa tafiya. Allah ya raya.”

Duk gidan ya amsa da amin.

Na ɗaga shafi na biyu. Kwalba ce an zana mata ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa biyu a gicciye, alamar guba. Wata tsohuwa ta kawar da kai tana neman tsari. Matar mai unguwa, wadda ta fi kowa ƙarfin hali, ta ce maganin ciwon kai ne, tunda ga kan nan an zana. Wata Bafulatana mai tallan nono da ta sauke ƙwaryarta a bakin zaure ta ce in buɗe mata shafin saniya, don su a ruga ba su da rijiya a tsakar gida, saniya ce ke taka musu yara. Na duba littafin har bangon baya, babu saniya. Na ce mata zan tambaya.

Daga nan na rufe littafin na koma magana da baki. Na tuna musu da yarinyar damina, ban faɗi gidan ba, don kowa ya sani. Nan da nan gidan ya yi tsit, har masu buhu suka gyara zama. Na ce a rufe rijiya da murfi mai ƙarfi, kada a bar ruwa a baho ko bokiti inda mai rarrafe yake, domin ruwan da bai wuce idon sawu ba ya isa ya kashe yaro in ya kifa ciki. Na ce kada a zuba kananzir ko fetur a gorar lemo, kuma in tsautsayi ya sa yaro ya sha, kada a ba shi manja, kada a sa shi amai, don a wajen aman ne yake sauka huhu, a ɗauke shi sai asibiti. Har nan ba wadda ta musa. Sai na zo kan ƙuna. Na ce ba ƙwai, ba toka, ba man goge baki. A riƙa zuba ruwa mai sanyi a wurin na tsawon minti ashirin, a rufa da ƙyalle mai tsabta, a kawo mini.

Inna ta yi gyaran murya. Ba ta dube ni ba. Ta juya wajen matar mai unguwa da ke gefenta ta ce, “Tambayar mini likita, ba ruwa ne ke sa ƙuna ta yi bororo ba?”

Matar mai unguwa ta dube ni ta ce, “Wai ba ruwa ne ke sa bororo ba?”

Tsakanina da Inna bai fi taku uku ba, amma ni ma matar mai unguwa na fuskanta na ce, “Ki gaya wa Inna, ta yi haƙuri, zafin da ya shige cikin nama ne ke sa bororo. Ruwa shi ke zuƙe zafin.”

“Wai ki yi haƙuri, ruwa ke zuƙe zafin.”

“Ki gaya mata ƙwai ma sanyi gare shi.”

“Ki gaya wa Inna ƙwai yana jawo ruɓa, kuma sai na kankare shi kafin in sa magani.”

Haka muka yi ta yi, matar mai unguwa tana juya wuya dama da hagu, har ta fara ƙara nata a ciki. Can Inna ta kawo hujjar da ta tanada. Ta ce, “Ki gaya mata, wancan da take aure, yana rarrafe ya zauna a kan garwashi. Ƙwai biyu na fasa masa. Ga shi nan har ya yi gemu.”

Mata suka yi ta gyaɗa kai. Ni kuwa na san tabon nan, duk garin ba wanda ya kai ni saninsa, faɗinsa ya kai tafin hannu kuma har yau ba ya iya daɗewa a kan benci. Amma ba magana ce da za a yi a gaban suruka ba. Na sunkuyar da kai, Inna ta ci wannan zagaye.

Don in rufe taro da mutuncina, sai na kawo shawarar da aka koya mana a kwas: a zaɓi mata kaɗan su riƙa zagaya gidaje, suna duba abin da zai iya cutar da yaro suna nuna wa masu gida cikin lalama. Aka zaɓi mata biyar, Inna ce ta farko, don ba gidan da za a hana ta shiga.

Inna ta ce wa matar mai unguwa, “Ki gaya wa likita shawararta ta yi kyau. Sai dai mu ba mu iya ba. A fara da gidanta mu ga yadda ake tsara gida, mu koya. Yanzu ma, tun rana ba ta take ba.”

Na nemi hanyar da zan riga su isa gida ko da minti biyar ne, ban samu ba. Haka muka jera, mata biyar na kwamiti da wasu wajen ashirin da ba wanda ya zaɓe su, ni a tsakiya rungume da littafi.

Tun daga bakin ƙofa aka fara. Bahon wanki na nan a tsakar gida da ruwa rabinsa, na jiƙa kaya da safe na fita a gaggauce. Rijiyarmu kuwa tsohon fallen kwano ne a kanta da dutse a sama. Inna ta ɗora sandarta ta ɗan danna, sandar ta huda ta shige, muka ji tsatsa tana zuba cikin ruwa. An sami reza a kan taga, an sami ƙwayoyin maganin zazzaɓi a cikin kofi kusa da tabarmar yara. A ɗakin maigida aka jawo galan ɗin maganin feshi daga ƙarƙashin gado, yana jingine da buhun gero. A bayan ƙofa kuma ga tsohuwar jarkar maganin feshin da ya wanke yake zuba ruwan sha in zai tafi lambu. Daga ƙarshe, a gindin randa, cikin gorunan da nake cika wa da ruwa don su yi sanyi, Inna ta ɗauko wata gorar lemo ta buɗe ta shinshina. Kananzir ɗin risho ne. Ta miƙa wa ta kusa da ita, ita ma ta shinshina ta miƙa gaba, har gorar ta zagaye gidan kamar turaren biki.

Matar mai unguwa tana lissafi da yatsu, sai da ta shiga hannu na biyu. Inna ta karkaɗe zaninta ta ce, “Alhamdu lillahi. Ki gaya mata mun koya.”

Bayan la'asar maigidana ya dawo daga lambu. Manomin rani ne, tumatir da albasa da attaruhu, mutum mai sauƙin kai, amma duk abin da ya taso ya tarar ana yi, a wurinsa ya zama doka. Na ajiye masa abinci na jira ya ci, sannan na kwashe labari na gaya masa. Ya yi dariya har da ƙwarewa.

Na ce, “Malam, ba abin dariya ba ne. Rijiyar nan da galan ɗin nan da kananzir, duk naka ne. Kai kake sayo shi a gorar lemo.”

Ya ce, “To Likita, a me kike so a auno mini, a hula? Kuma wane ne zai sha kananzir? Allah fa ya ba mutum hanci.”

“Yaro ba ya shinshinawa, kafa kai yake yi.”

“Rijiya dai zan gyara, bari a kwashe tumatir.”

Na san wannan tumatir ɗin. Shekara uku ana kwashe shi. Na yi abin da zan iya: na juye kananzir a jarka na rataye a sama, na kwashe reza da magunguna, na kifa baho. Matan kwamiti ma da suka fara zagaye, amsa ɗaya suke samowa a kowane gida, wai murhu da baho namu ne, amma rijiya da maganin feshi da fetur ɗin injin ban-ruwa na maza ne, a je a gaya musu. Ni kuwa ba ni da hanyar tara maza. Na aika wa Liman ta bakin matarsa ko zai taɓa maganar a masallaci, ya aiko cewa zai duba.

Bayan kamar mako biyu, ranar wata Talata, maigida ya fita da sassafe ya sayo kananzir, a gorar lemo kamar kullum. Ya shigo ya tarar na riga na tafi aiki, yara suna makaranta, ƙaramar tana wurin maƙwabciya. Yana sauri ana jiransa a lambu, sai ya dire gorar a gindin randa da niyyar in ya dawo ya juye. Ya wuni yana ban-ruwa cikin rana, ga mura ta toshe masa hanci tun kwana biyu. Da azahar ya shigo a galabaice, ya miƙa hannu gindin randa ya ɗauki gora ya kafa kai. Ya haɗiye kurɓin farko, na biyun ne ya fesar.

Maƙwabciyata ce ta zo asibiti da gudu ta kira ni. Kafin in isa gida ya cika. Maigida yana zaune a kan turmi, ido jajir, hawaye na zuba, yana tari yana gyatsa. Wani maƙwabci na riƙe da kwanon manja, wata ta kawo nono, wani dattijo ya zo da gashin kaza wai a sosa masa maƙogwaro ya amayar. Abin da ya ba ni mamaki, ba wanda ya kai gare shi. Inna ce tsaye a tsakani, ta juya wa ɗanta baya kamar ba ta san da shi ba, ta gitta sandarta.

Tana cewa, “Likita ta ce ba manja, ba amai. Da kunnena na ji. Kowa ya tsaya inda yake.”

Da ta gan ni sai ta sauke sandar. Ta dube ni, ni kaina, ba ta nemi wanda zai isar da saƙo ba, ta ce, “'Yar nan, me za a yi wa wancan?”

Na ce, “Inna, Kiru za mu kai shi a duba ƙirjinsa. In Allah ya yarda ba komai.”

Na sa ya kurkure baki ya canza riga, aka kira acaɓa biyu. Wanda ya ɗauke shi, da suka fara tafiya, ya waiwayo cikin ladabi ya ce, “Malam, don Allah in za ka yi gyatsa ka riƙa juyawa gefe.”

A babban asibiti na karɓi kati, na faɗa wa mai rubutu abin da ya faru, aka shigar da mu. Likitan yana duba kati bai ɗago ba ya ce, “An sha kananzir. Shekarar yaron nawa?”

Na ce, “Arba'in da uku.”

Ya ɗago ya dube ni, ya dubi maigida da gemunsa, ya cire tabarau ya goge ya mayar. Mutumin kirki ne, bai yi dariya ba sai da ya juya yana wanke hannu, muka ga kafaɗunsa na motsi. Ya saurari ƙirjin da kyau, ya ce a kwantar da shi zuwa gobe a ga yadda numfashi zai yi. Ya ce an yi dabara da ba a sa shi amai ba. Sannan ya dubi maigida ya ce, “Malam, kana da ƙananan yara?”

“Uku.”

“Da ɗayansu ne ya yi kurɓin da ka yi, da wata maganar muke yi yanzu.”

Washegari aka sallame mu, huhu lafiya.

Kwana uku yana gyatsar kananzir. Labari kuwa ya riga mu isa gida. Da ya fita majalisa, mai shayi ya ɗauke rishonsa ya matsar can gefe, wai don kiyaye lafiyar jama'a. Wani abokin wasansa ya aiko masa da lagwani a naɗe a takarda, da saƙon cewa abin da ya rage ke nan. Yaranmu ma in ya shigo sai su yi ta shinshina iska suna kallon juna.

Ranar Juma'a ina tsakar gida ina tsinken zogale, lasifikar masallaci tana kawo wa'azin da Liman ke yi kafin huɗuba. Sai na ji ya shiga maganar da na roƙa. Ya ce yara amana ce, kuma dogara ga Allah ba ya hana mutum rufe rijiyarsa, wanda ya bar rami a buɗe ya ce ƙaddara ce, to ya sani shi ma za a tambaye shi. Ya yi maganar maganin feshi da fetur. Na ji daɗi har na daina tsinken. Sai ya ce, “A cikin makon nan, wani bawan Allah, ba zan faɗi sunansa ba, magidanci mai hankali, mai gemu...”

Lasifikar ta yi shiru na ɗan lokaci, ina jin wani irin motsi kamar na tabarmi. Sai muryar Liman ta dawo: “Na ce ba zan faɗi suna ba. Ku daina waige.”

Daga baya maigida ya gaya mini cewa tun daga sahun farko har na waje ba wanda bai juyo ba, har wani kurma da ba ya jin wa'azi, da ya ga kowa ya juya shi ma ya juya. Ranar dai ya dawo bai yi magana ba, ya ci tuwo ya kwanta. Na ɗauka fushi yake da ni, don ya san ni na aika wa Liman. Da gari ya waye sai ga shi da magini da mai walda. Aka ɗaga bakin rijiya har ƙugu, aka yi mata murfin ƙarfe da kwaɗo. Galan ɗin feshi ya koma cikin akwati mai makulli a bukkar lambu. Jarkar da yake shan ruwa a ciki ya huda ta da wuƙa ya binne. Tumatir kuwa yana nan a gona ba a kwashe ba.

Daga nan abin ya fi ƙarfina. Mutumin da ya ce Allah ya ba kowa hanci ya zama ba shi da zance sai wannan. A majalisa, a wurin ɗaurin aure, a bakin kasuwa, da ya ga mutum da gorar lemo sai ya karɓa ya shinshina. In an yi masa dariya sai ya ce, “Ku yi dariyarku. Ni na sha, na san ɗanɗanonsa, kuma likita ya ce da yarona ne da an yi jana'iza.” Maza suka saurare shi yadda ba za su taɓa sauraron littafina ba. Mai sayar da kananzir da kansa ya daina aunawa a gorar lemo, ya ce kowa ya zo da jarka, don ya gaji da wa'azi a bakin rumfarsa. Kafin damina ta faɗi, mai walda ya yi murafen rijiya har ya ƙware, ana zuwa daga wasu unguwanni ana yi.

Inna ba ta taɓa cewa ta sauka daga kan ƙwai ba, ni ma ban tambaya ba. Amma wata safiya wata mata ta kawo mini ɗanta, ruwan shayi ya zube masa a hannu. Na buɗe ƙyallen na ga wurin fes, ba komai a kai. Na tambaye ta abin da aka yi masa. Ta ce Inna ce ta zo, ta riƙe hannun tana kwarara ruwan randa har sai da yaron ya fara rawar ɗari, sannan ta ce a kawo mini.

Na ce, “Ba ta ce a fasa ƙwai ba?”

“Na ɗauko mata guda biyu. Ta ce a dafa masa ya ci.”

Hannun ya warke ba tabo.

A cikin gida kuwa himmar maigida ta koma kaina. Ya kira kafinta ya kafa wata doguwar kanta a ɗakin girki, can kusa da rufi, ya kwashe duk abin da yake ganin haɗari ne ya jera a kai: ashana, wuƙaƙe, almakashi, allura, magunguna, har gishiri, wai yana kama da takin zamani kada yara su saba. Shi dogo ne, yana miƙa hannu ya ɗauko. Ni kuwa Allah bai ba ni tsawo ba. Na yi magana, ya ce, “Likita, ke fa kika ce a sa a inda hannu ba ya kaiwa.” Na ce hannun yara na ce. Ya ce kowane hannu ai hannu ne.

Sai na koma kifa bokiti ina hawa duk lokacin da zan kunna wuta. Wata safiya ina sauri, bokitin da ɗan danshi a ƙasansa, na hau na miƙa hannu na kama ashana, bokiti ya zame. Na faɗo da gefe, ƙafa ta lanƙwashe a ƙarƙashina, gwangwanin gishiri ya biyo ni ya fashe a kaina. Targaɗe ne, amma mai kyau, idon sawu ya kumbura kamar gwanda. Ni da na saba ɗaure wa mutane bandeji, ranar abokiyar aikina ce ta zo har gida ta ɗaure mini, tana cije leɓe.

Maigida ya rasa inda zai sa kansa. Da yamma ya dawo da kafintan, aka tsayar da ni da ƙafa ɗaya a jikin bango aka ce in miƙa hannu, aka yi alama da gawayi. Aka kira babbar 'yarmu mai shekara takwas ita ma ta miƙa, aka yi alama. Tsakanin alamun biyu bai fi taƙi ɗaya ba. Kafinta ya daɗe yana kallon bangon, sannan ya ce, “Alhaji, gaskiya nan da shekara biyu yarinyar nan za ta kamo uwarta. Gara a yi kabad mai makulli.” Haka aka yi, aka kafa shi daidai ƙirjina, aka mayar da gishiri cikin kayan miya.

Ban gama warkewa ba aka kira ni taro a wani ƙauye da ke gaba da mu, don matan can sun ji labarin kwamitinmu suna so a kafa musu. Na je ina ɗingishi, ƙafa a naɗe, littafin hotuna a hammata. Ban ma rataye shi ba. Na fara da ƙafata, na gaya musu yadda aka yi, na ce hawa kan bokiti da turmi shi ma haɗari ne, ga babba ga yaro. Suka yi mini sannu, amma na ga hankalinsu na wani wuri, suna ta raɗa suna zungurin juna. Can wata ta ɗaga hannu ta ce tana da tambaya, in ba zan ji haushi ba.

Na ce ta yi.

Ta ce, “Wai da gaske ke ce matar mutumin nan da ya sha kananzir?”

Na ce ni ce. Sai na ga waɗanda ke zaure sun shigo ciki, na baya sun matso gaba, wata ta cire ɗanta daga goyo ta ɗora a cinya ta ce in faro daga farko.